Dandamali a Kan Randa

Shekara talatin da huɗu Pyo Deok-chil yana cin kimchi, wato tsumammen kabeji mai gishiri da barkono, sau uku a rana a gidansa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tambayar daga ina ake ɗebo shi ba. Ya zauna, ya gan shi a faranti, ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ya tashi. Da wannan ya kamata a fara, don kada wani ya zo daga baya ya ce tsautsayi ne. Tsautsayi yana da mutanensa, Deok-chil ba ya cikinsu.

Duk ƙauyen Solti an san inda kimchin gidan yake kwana. A kusurwar tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar kanya, inda simintin da marigayi mahaifinsa ya zuba bai kai ba, akwai randuna uku binne a ƙasa har wuya. Biyu matarsa Mal-sun ta saya a kasuwa. Ta tsakiyar kuwa ta mahaifiyarta ce, tare da Mal-sun aka kawo ta gidan ranar aure, randar tana bayan amalanke an naɗe ta da bargo. A kafaɗarta akwai wani zane da magini ya ja da yatsa tun tana ɗanya. Sauran matan ƙauyen tuni suka koma firij, amma ko su sun yarda cewa kimchin da ya yi hunturu a cikin randar nan ba shi da na biyu. Idan kimchi ya ƙare da bazara, Mal-sun takan wanke randunan, ta bar su su sha iska, ta rufe bakin kowace da faffaɗan dutse, ta ja ƙasa a kai, su jira shekara ta zagayo.

Deok-chil ya yi ritaya ne daga wani kamfanin motocin haya a birni, inda ya shekara talatin yana duba tikiti. Amma in ka ji shi a ɗakin taron tsofaffi sai ka rantse shi ya shimfiɗa titunan da motocin suke bi. Babu sana'ar da bai ƙware a kanta ba, muddin da baki ake yin ta. Ciwon nasa na bana ya samo asali ne daga wani mutumin Seoul da ya gina gidan hutu a bakin ƙauye, ya yi masa dandamalin katako a gaba. Ya gayyaci Deok-chil shan kofi, suka zauna a kai minti goma sha biyar. Daga nan Deok-chil ya dawo gida ya tsaya yana hararar simintin mahaifinsa kamar ya zage shi.

Sai ga dama ta faɗo masa. 'Yarsu Hye-ran ta haihu a birnin Daejeon, Mal-sun za ta je zaman jego na mako uku. A bakin titi, suna jiran mota, ta jera masa abin da zai yi da wanda ba zai yi ba. Ta ce ranar da za ta dawo za a sare kabeji, washegari a zuba masa gishiri, jibi kuma gayyar kimchi, bana gidansu ne farko. Ta ce kome zai yi kada ya taɓa kusurwar kanya. Shi kuwa idonsa yana kan waya, yana kallon wani bature yana buga ƙusa. "To, to," in ji shi. Wannan "to" ɗin shi yake ba ta tun suna da baƙin gashi.

Motar ba ta gama shan kwana ba ya kira masu katako.

Maƙwabcinsa Bang Man-su kafinta ne na gaske, shekara hamsin yana sana'ar kafin gwiwa ta zaunar da shi. Katangar da ta raba gidajensu iya ƙirji take, don haka da aka fara sauke katako sai ya ɗora haɓarsa a kai ya tambaya ko an auna filin.

"Na auna da ido, Yaya," in ji Deok-chil. "Ido ba mudu ba ne amma ya san kima."

"Wane idon? Wanda ka je ta'aziyya da shi sanye da takalmin matarka?"

Deok-chil ya ce ya zauna kawai ya ga aikin zamani, aikin da ba a koya a wajen tsofaffi. Man-su ya ce ai yana zaune, bai da wani wajen zuwa.

Katakan farko da aka shimfiɗa suka gaza kaiwa katanga da taki guda. Deok-chil ya dubi giɓin, ya dubi Man-su, ya ce haka ake yi a Seoul, ana bar wa iska hanya. Da aka zo daidaita bene, Man-su ya miƙo masa sandar awonsa mai ɗigon ruwa a ciki, don simintin gidan yana da gangara zuwa rariya. Deok-chil ya ƙi karɓa. Ya shiga kicin ya ɗauko kwanon miya ya cika shi da ruwa, ya ɗora a kan katako. Ruwan ya zube ta gefe ɗaya. Ya kurɓi kaɗan ya mayar, ya sake zubewa. Ya sake kurɓa. Sai da ya sha rabin kwanon sannan ruwan ya daina zuba, ya miƙe ya goge baki ya ce bene ya daidaita. Man-su ya ce shekara hamsin yana aiki bai taɓa ganin wanda ya daidaita gida da cikinsa ba.

Rariyar ma ba ta tsira ba. Ya shimfiɗa baƙar leda a duk tsakar gidan don kada ciyawa ta fito, ko da yake ciyawa ba ta taɓa tsirowa a kan siminti ba tun da aka zuba shi, ledar kuwa ta toshe bakin rariyar ruf.

A rana ta biyar ya buga katakon ƙarshe a gaban kicin, yunwa ta kama shi, ya ja ƙofa. Ƙofar waje take buɗewa, dandamalin kuwa ya ɗara dokinta da yatsa uku. Tukunyar shinkafarsa tana ciki, shi yana waje. Kwana biyu ya yi yana shiga ta taga. A na ukun wata dattijuwa da ake kira 'Yar Gochang, wadda ita ce uwar gayyar mata a ƙauyen, ta biyo ta lungu ta ga ƙafafu biyu da mazaunai suna lilo a tagar Mal-sun. Ba ta tsaya tambaya ba, ta sauke musu sandarta sau huɗu kafin mai su ya samu bakin faɗin sunansa. Ta ce ta ɗauka ɓarawo ne. Daga baya ta gaya wa mata a ɗakin taro cewa tun daga bugun farko ta gane wandon.

Ranar Deok-chil ya sa zarto ya yanke gindin ƙofar. Ta buɗe kam, sai dai tun daga lokacin kyanwar Man-su take shiga kicin ba sallama.

Man-su ya yi masa magana ta ƙarshe a kan jerin katakan. Ya ce a bar tsakani kamar kaurin tsinken cin abinci, domin katako yana kumbura in ya sha ruwa. Deok-chil ya ce tsakani na wanda bai iya awo ba ne, shi nasa ko allura ba za ta wuce ba. Ya matse su kam. Ruwan kaka ya sauka kwana biyu, da gari ya waye tsakiyar dandamalin ta taso kamar bayan kunkuru. Ya ce da gangan ne, don ruwa ya riƙa gangarewa.

Saura kusurwar kanya. Nan babu siminti, ƙasa ce mai taushi, duk ginshiƙin da ya kafa sai ya nutse. Ranar kuwa Man-su ya tafi asibitin birni a duba masa gwiwa, babu haɓa a kan katanga. Deok-chil ya ɗauko shebur ya fara tono, bai yi nisa ba ya ji ƙarfe ya bugi dutse. Ya share ƙasa, sai ga faffaɗan dutse zagayayye, sumul. Ya matsa gaba, ga wani. Ya ƙara matsawa, ga na uku, a jere kamar da igiya aka ja su. Mutumin da ke da ɗigon hankali da ya tsaya ya tambayi kansa wa ya jera duwatsu a ƙarƙashin kanya, kuma don me. Deok-chil kuwa bai tsaya ba. Ya ɗora manyan ginshiƙansa uku a kansu, babban cikinsu a kan na tsakiya, ya daddanna da guduma. Dutsen ya yi amo kamar ganga. Ya gyaɗa kai ya ce dutsen kirki da amonsa ake gane shi. Kafin la'asar ya rufe wurin da katako.

A ɗakin taro ya ba da labarin sau bakwai. Ya ce kakansa ne ya binne harsashin tun kafin yaƙi, ya san wata rana za a haifi jikan da zai ɗora gini a kai. Kakan nan dai kowa ya san dillalin shanu ne, ko akurki bai taɓa ginawa ba. Da Man-su ya dawo ya leƙa ya ga kusurwar a rufe, ya tambaye shi a kan me ya tsayar da ginshiƙan, Deok-chil ya ce sirrin sana'a ne. Sannan ya matsa wa mai gari sai da ya shelanta a lasifikar ƙauye cewa gayyar kimchi ta bana a gidan Pyo a kan sabon dandamali za a yi, mata su zo ba tare da tabarma ba.

Mal-sun ta dawo da jakarta a hannu, ta tura ƙofar gida, ta tsaya. Tsakar gidan da ta shekara talatin da huɗu tana sharewa babu ita. Deok-chil yana zaune a tsakiyar doron a kan kujerar roba, ya harɗe ƙafa, riƙe da kofi da hannu biyu don kujerar tana karkata. Ba ta tambayi kuɗin katako ba, ba ta tambayi abin da ya ci gindin ƙofar kicin ba.

"Baban Hye-ran, ina randunana?"

A nan ne ya tuna cewa gidan yana da randuna a ƙasa. Inda suke ne bai sani ba. Mai gaskiya da ya faɗi gaskiya, da zarto ɗaya da rabin yini an gama magana. Amma Deok-chil ya kurɓi kofi ya ce haba, ta ɗauka shi yaro ne? Ai ya bar musu ƙofa ta musamman a cikin benen, ɓoyayyiya, irin wadda ko mutumin Seoul ba shi da ita. Ta ce ya nuna mata. Ya ce fenti bai bushe ba, ranar gayya zai buɗe a gaban jama'a. Gajiyar mako uku na goyon jariri tana jikinta, ga kabeji ɗari biyu suna jiranta a gona. Ta ce jibi da hantsi kabejin zai shiga randa, in ya wuce haka zai lalace, ya sani. Ya ce, "To, to."

Washegari, tana can bakin famfo da mata biyu suna tsaga kabeji suna zuba gishiri, shi yana rarrafe a kan dandamali yana ƙoƙarin tuna abin da ya gani kafin ya shimfiɗa leda. Can ya tuna da wani murfi zagayayye kusa da katangar baya. Ya buga cinya. Ya yanka murabba'i a benen, ya sa masa maratayi da zoben ƙarfe, ya shafa jan fenti. Ya farke ledar, ga murfin kuwa. Bai ɗaga ba, don kada ya ɓata bikin buɗewa. Wani ɗan wari ya bugi hancinsa, ya ce wannan shi ne ƙamshin tsohon kimchi, sai wanda ya sani.

Ranar gayya mata goma sha ɗaya suka iso da safar hannu ta roba da manyan bahuna. Aka ɗauraye kabeji aka jibge shi a kan dandamali yana tsiyaya. Ruwan gishirin ya bi ta giɓin da aka bar wa iska ya sauka ƙasa, ya nemi rariya bai samu ba, ya bi leda ya taru a kusurwar kanya yana jiƙa ƙasar. Aka kwaɓa barkono da tafarnuwa da ruwan kifi a babban baho, wanda sai mutum biyu suke ɗagawa. Duk inda aka ajiye shi sai ya fara tafiya da kansa, sai da 'Yar Gochang ta tare shi da ƙafa. Ta ce ta ga gida mai yoyo, ta ga gida mai ɓera, yau ta ga gidan da baho yake yawo. Naman alade yana tafasa a murhu, mai gari ya zo da giyar shinkafa, Man-su ya bar katangarsa ya shigo ta ƙofa da sandarsa don kada a ba shi labari.

Hantsi ya yi, bahon farko na cusasshen kabeji ya cika. Mal-sun ta ɗago kai ta dubi mijinta. Deok-chil ya fito da rigarsa ta kamfani mai maɓallan ƙarfe, ya tsaya a kan jar ƙofar ya yi jawabi. Ya yi magana a kan kakanni, ya yi a kan zamani, ya ce wasu sun shekara hamsin suna riƙe da zarto ba su ƙirƙiro komai ba. Mal-sun ta ga inda ya tsaya, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya ja zobe, ƙofa ta buɗe. Ya sa ƙarfe ya banƙare murfin, ya ja da baya yana murmushi don mata su leƙa.

Ba sai an leƙa ba. Ramin masai ne na gidan, wanda rabon da a kwashe shi tun bara. Mata suka watse suna toshe hanci da gwiwar hannu saboda safarsu duk barkono. Mai gari ya rufe bakin butar giyarsa da tafin hannu. 'Yar Gochang ce kaɗai ta matsa, ta leƙa a hankali, ta ɗago.

"Baban Hye-ran," in ji ta, "wannan kimchin ai an riga an ci shi."

Dariya ta kusa kayar da mutane. Wata ta zauna daɓas a kan kabeji. Deok-chil ya mayar da murfin yana cewa wannan ƙofa ta biyu ce, ta masu kwasa, ta randunan tana nan wani wajen, ya ɗan manta ne saboda yawan aiki. Ya fara ƙwanƙwasa bene da ƙafa nan da can kamar mai neman gara.

Mal-sun ba ta yi dariya ba. Ta cire safarta ta ajiye a bakin baho, ta je ta tsaya a ƙofar kicin, ta juya baya gare ta. Ta taka taku tara, ta karkata hagu, ta ƙara biyu. Hanyar da ƙafarta ta bi ce a cikin ƙanƙara da ruwan sama duk tsawon zamanta a gidan, da kwano a hannu, shi yana ɗaki yana jiran a kawo. Ta tsaya a ƙarƙashin kanya ta ce, "Nan."

Man-su ya karɓi ƙarfen daga hannun Deok-chil ba tare da ya dube shi ba, ya ɓalle katako biyu. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ga ginshiƙai uku tsaye a kan duwatsu uku, ruwan gishiri ya kewaye su. Duk nauyin dandamalin, da kabeji ɗari biyu, da mutum goma sha biyar, a kan bakin randunan Mal-sun yake. Ya ɗago ya ce da murya ƙasa-ƙasa kowa ya sauka a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kada wanda ya yi gudu, sannan a kwashe kabejin, a tokare benen, a zare ginshiƙan. Ya ce in an yi sa'a za a fitar da su lafiya. Mata suka fara sulalewa kamar masu fita daga ɗakin mara lafiya.

Har a lokacin randunan suna nan ƙalau. Ya kamata a riƙe wannan.

Deok-chil dai bai ji maganar randa ba. Abin da ya ji shi ne ana cewa aikinsa ba zai ɗauki mutane ba, a gaban mai gari, bayan wancan abin kunya. Ya ratsa matan ya hau kusurwar, ya tsaya daidai kan babban ginshiƙi.

"Yaya, hassada ba ta dace da shekarunka ba. Harsashin kakana ne wannan, ko shanu goma ka kora a kai ba zai motsa ba."

"Sauko, Deok-chil."

"Ku duba ku gani."

Ya daka tsalle ya dira. Mal-sun ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ya sake tsalle. A na ukun aka ji wata ƙara daga ƙasa, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka ƙwarya. Ginshiƙin ya shige, kusurwar ta rufta, Deok-chil ya nutse har ƙugu tsakanin katakai. Dandamalin gaba ɗaya ya karkato wajensa. Kabeji ya taho yana mirgina, bayansa babban bahon barkono, wanda yanzu babu ƙafar da ta tare shi. Ya zo da gudu ya bugi katakon da ya taso, ya kife masa a ka.

Da aka ciro shi babu abin da ake gani sai fararen idanu, su ma ba su daɗe a buɗe ba. Ya yi ta ihu a kawo ruwa. Mai gari ya rasa ruwa kusa, ya juye masa giyar shinkafa. 'Yar Gochang ta ce a bar shi haka a tura shi rami, nan da wata biyu zai nuna.

Amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin Mal-sun ta riga ta sauka cikin ramin. Man-su da mai gari suka janye ginshiƙan. Randunan kasuwa biyu sun tsage daga baki har gindi. Ta tsakiyar kuwa ta zama sakaina a cikin laka. Mal-sun ta sa hannu tana lalube har ta ciro wani ɓari mai faɗin tafin hannu biyu, wanda zanen yatsan magini yake a kai. Ta goge shi da gefen rigarta. Mahaifiyarta ta rasu shekara ashirin da suka wuce, ba ta bar mata gona ba, ba ta bar mata zobe ba, wannan randar ce kaɗai, kuma duk shekara in ta sa hannu a cikinta sai ta ji kamar sun gaisa. Kowace mace a wurin ta san haka.

Deok-chil, ido a rufe, barkono yana ɗiga daga kunnensa, ya ce kada ta damu, randa ce kawai. Ya ce zai duba a waya ya sayo mata wadda ta fi ta girma, gobe-gobe a kawo har gida a kwali.

Ta dube shi daga cikin ramin ta ce, "Har da uwata za su saka a kwalin?"

Bai ce "to, to" ba.

Kabeji dai ba ya jiran mai makoki. 'Yar Gochang ta tafa hannu, aka tsince shi aka ɗauraye, aka haɗa barkono daga gida-gida, aka ƙarasa aikin a kan tabarmi a tsakar gidan Man-su. Tun da babu randa, kowace mace ta ɗauki kaso ta kai firij ɗinta ta ajiye wa Mal-sun. Kimchin gidan Pyo na bana ya rabu gida goma sha ɗaya. Da za su watse, Mal-sun ta roƙe su abu ɗaya, su ma kuwa suka amsa da saurin da ya nuna sun ji daɗin roƙon. Ta ce ita ba za ta je ɗauka ba, mai gidan ne zai riƙa zuwa.

Haka aka yi hunturun. Duk kwana uku sai ka ga Deok-chil a cikin ƙanƙara da kwano, yana ƙwanƙwasa ƙofar wata. Babu wadda take ba shi sai ta tsayar da shi a waje ta tambayi lafiyar kakansa. 'Yar Gochang kuwa kullum sai ta tambaye shi wanne yake so, sabo ko wanda aka riga aka ci. Daga cikin katakan dandamalin, Man-su ya zaɓi masu kyau ya yi wa Mal-sun ɗan gadon zama a ƙarƙashin kanya, mai tsakani kamar kaurin tsinken cin abinci, sauran suka tafi murhu. A ɗakin taro Deok-chil bai fasa ba. Ya ce a yi masa adalci, ginin ya tsaya kwana tara a kan randa, a nuna masa kafintan da ya taɓa yin haka.

A gida ne bakin yake mutuwa. Mal-sun ta wanke ɓarin randar nan ta goge kaifinsa a jikin dutse, kuma a kansa take zuba masa kimchi safe da rana da yamma. Wata rana a tsakiyar sanyi ya kai loma, tsohon hali ya motsa, ya ce wannan na gidan wa ne, gishiri ya yi yawa. Ta miƙa yatsa ta juya ɓarin a hankali har zanen maginin ya fuskance shi. Ya dubi zanen, ya sunkuyar da kai, ya cinye tas.